Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Awa Huɗu Da Rabi Mai Cin Kwanaki

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya ƙarato, akwai tambaya guda da takan yawaita a bakin maniyyata da 'yan rakiyarsu: shin awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda? Amsoshin da tsofaffin alhazai kan bayar sukan saɓa wa juna. Wani ya ce da ya duba agogo shida da rabi ya gani, wani ya rantse cewa a dawowa biyu da rabi kacal suka yi, wani kuwa ya ce shi dai ya bar gidansa ranar Litinin, bai taka ƙasar Jidda ba sai daren Alhamis. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da abin da ya auna. Nisan da ke tsakanin filayen jirgin saman nan biyu yana nan yadda yake tun ran da aka gina su, amma awoyin tafiyar suna ƙaruwa suna raguwa bisa dalilan da ya kamata duk mai niyyar wannan tafiya ya sani, domin a cikinsu akwai kuɗinsa da ibadarsa, wani lokaci ma har da ransa.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka bi ta sama a miƙe ba tare da karkata ba, kimanin kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100 da 'yan kai. Matuƙan jirgi ba da wannan mil suke awo ba. Nasu shi ne mil na teku, wanda ɗaya ya kai kilomita 1.852, a lissafinsu kuwa tafiyar wajen 1,850 ce. Domin mai karatu ya kwatanta da abin da ya sani, daga Kano zuwa Legas ta sama kilomita 830 ne ko abin da ya yi kusa da haka. Ashe ke nan zuwa Jidda tamkar a yi Kano zuwa Legas ne sau huɗu a jere.

Hanyar da ta fi gajarta ba gabas sak ta nufa ba, ta ɗan karkata arewa, kusan daidai inda mutumin Kano yake fuskanta idan ya tsaya salla. Tana ratsa saman Jigawa da Yobe, ta yanki gefen Jamhuriyar Nijar arewa da Tafkin Cadi, ta ƙetare ƙasar Cadi baki ɗaya, ta shiga hamadar arewacin Sudan, ta tsallake kogin Nilu wajajen Dongola, sannan ta faɗa Bahar Maliya. Tsallake tekun ba ya wuce minti ashirin. Jirage ba sa bin wannan layi ɗaya bayan ɗaya, domin sama ma tana da hanyoyinta da masu kula da zirga-zirgar jirage suka shata, amma a lokacin zaman lafiya ƙarin da wannan ke jawowa ba shi da yawa.

Ba kowane maniyyaci ne ke tashi daga Kano ba, kowane fili kuwa da nasa nisan. Daga Maiduguri kimanin kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato 3,700, daga Legas kuwa 4,200. Wannan shi ya sa idan hukumar alhazai ta ƙasa ta fitar da kuɗin kujera akan ga kashi uku: na shiyyar Borno da Adamawa ya fi sauƙi, sai na sauran jihohin arewa, sannan na kudu. Bambancin na man jirgi ne da awoyin da injin zai yi yana aiki. Wanda kuma aka nufa da shi Madina kai tsaye, kamar yadda akan yi da akasarin alhazan Nijeriya a shekarun nan, nasa nisan daga Kano ya kusa kilomita 3,550.

Manyan jiragen da ke wannan aiki sukan yi tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama, a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye. In aka raba 3,400 da 850 sai a sami awa huɗu cif. Sai dai jirgi ba ya tashi da wannan gudu, ba ya kuma sauka da shi. Akwai mintocin da zai yi yana gangarawa zuwa bakin titin tashi, da wajen rabin awa na hawa, da wani rabin awa na saukowa sannu a hankali, da jiran izinin sauka idan fili ya cika. Da aka haɗa duka, tafiyar kan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar, daga rufe ƙofa a Kano zuwa buɗe ta a Jidda. Wannan ita ce amsar gaskiya ga mai tambaya, muddin hanya a buɗe take.

Kafin mutum ya yi ƙorafin ciwon baya saboda zaman awa huɗu da rabi, yana da kyau ya tuna da yadda kakanni suka yi wannan tafiya. Ayarin da ke cin kilomita 25 a yini zai yi kwana 34 kafin ya ci abin da jirgi ke ci a awa ɗaya. Watau kowace awa a kujerar jirgi daidai take da tafiyar wata guda a ƙasa, ban da ranakun hutu da na rashin lafiya. Hanyar ƙasa kuwa ta fi ta sama tsawo: a bi ta Borno, a shiga Wadai, a ratsa Darfur da Kordofan, a ƙetare Nilu, a kai bakin teku a Sawakin, sannan a nemi jirgin ruwa. Da yawa sukan tsaya noma ko ƙodago a hanya don neman guzuri, tafiyar ta ɗauke su shekaru. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu kuma ba su komo ba, zuriyarsu ce ke zaune yau a garuruwan Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jiragen farko da suka iso Kano ma ta wannan hanya suka biyo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a birnin, bayan sun taso daga Helwan a ƙasar Masar a ƙarshen watan Oktoba, suna yada zango a Sudan da Cadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ta nan aka riƙa wucewa da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Su ma waɗannan jirage kwanaki suke yi a hanya, domin tankinsu ƙarami ne kuma ba su cika tafiyar dare ba. Daga baya manyan jirage irin su Boeing 707 suka shigo aikin jigila, suna yin tafiyar a zama guda ba tare da zango ba.

To, ina alhajin da ya ga awa shida da rabi ya samo nasa lissafin? Daga agogo. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda kuwa akwai wajen digiri 30 daga yamma zuwa gabas, saboda haka rana takan riga fitowa a Jidda da awa biyu. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu, rani da damina. Alal misali, jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka ƙarfe 2:30 na dare a agogon gida, amma bangon filin Jidda zai nuna 4:30 na asuba. A dawowa abin yakan juya: a tashi Jidda ƙarfe 10 na safe, a sauka Kano 12:30 na rana, mutum ya ɗauka awa biyu da rabi ya yi. Kowane tikiti da agogon garin tashi yake rubuta lokacin tashi, da agogon garin sauka kuma yake rubuta na sauka. Wanda bai san haka ba yakan sa iyalinsa zaman jira a filin jirgi a banza, wani ma yakan makara jirgin da zai ci gaba da shi.

Wannan bambanci yana shafar ibada. Mai tafiya gabas yininsa yakan gajarce. Wanda ya bar Kano ƙarfe 2 na rana bayan azahar zai sauka Jidda 8:30 na dare, la'asar da magariba duk sun same shi a sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ya saba gajarta. Mai dawowa yamma kuwa yininsa tsawo yake ƙarawa, shi ya sa mai azumin da ya taso daga Umra da rana yakan ga agogon da ya saita a Makka ya nuna lokacin buɗa baki alhali rana tana nan tsaye a tagar jirgi. Haka nan maganar miƙati. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana cin kilomita 14 a minti ɗaya, don haka ma'aikatan jirgi kan yi sanarwa tun kafin a kai saitinsa. Wanda zai wuce Makka kai tsaye, ya bari sai an yi sanarwa sannan ya tashi neman haraminsa a cikin jaka, kafin ya warware shi an wuce wurin. Hukuncin waɗannan abubuwa na malamai ne, amma tambayar tun a gida ya kamata a yi ta.

Bayan agogo sai iska. Wasu kan zaci juyawar duniya ce ke sa zuwa da dawowa su bambanta, a tunaninsu ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Ba haka ba ne, domin iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniya. Abin da ke kawo bambanci shi ne manyan iskokin da ke kaɗawa can sama. A lokacin sanyi, iska mai ƙarfi takan taso daga yamma ta nufi gabas a saman arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, ta tura mai zuwa Jidda ta baya, ta tare mai dawowa ta gaba. Da damina kuwa iskar sama a wannan yanki daga gabas take tasowa, sai mai dawowa ya ci riba. A ƙaddara iskar tana gudun kilomita 80 a awa. Wanda take turawa zai riƙa cin 930, wanda take tarewa 770, bambancin da ke tsakaninsu a wannan nisa ya kai minti 45. Tun da yake watan aikin hajji yana ja baya da kwana 11 kowace shekara a kalandar Turawa, abin da alhajin shekara goma sha biyar da suka wuce ya gani ba lalle ne na bana ya gan shi ba.

Abin da ya fi iska da agogo nauyi shi ne halin da ƙasashen da ke kan hanya suke ciki. Sararin samaniyar kowace ƙasa mallakinta ne, ba a ratsa shi sai da izini da biyan kuɗi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Sudan kuwa ta fi sulusin hanyar. Dole jirage suka nemi zagaye, ko dai ta kudu su bi ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya har gabashin Afirka da Habasha, ko ta arewa su ɓullo ta Masar. Tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye, kamfanonin jiragen Nijeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, ƙarshenta wani ɓangare na wannan nauyi ya faɗa kan guzurin alhazai. Manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera a ƙauyensa bai san ko sunan janar ɗaya na Sudan ba, amma ya biya nasa kason na yaƙinsu.

Akwai kuma masu Umra da 'yan kasuwa da ke sayen tikitin da ya fi araha, wanda sau da yawa mai zango ne. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kimanin kilomita 3,100 zuwa can, sannan 1,200 zuwa Jidda, jimla 4,300. Wanda ya bi ta Adis Ababa zai yi wajen 3,300, kusan daidai da nisan Jidda kanta, sannan ya ƙara 1,400. Awoyin sama za su kai shida ko bakwai, ban da zaman jira a filin zango, wanda kan iya zama awa biyu, kan iya zama kwana. Ga matashi mai ƙarfi wannan ciniki ne mai riba. Ga tsoho mai ciwon sukari ko hawan jini, ko mace mai goyo, rarar kuɗin da aka samu a tikiti tana iya ƙarewa a asibiti.

Saura alhaji na uku, wanda ya bar gida Litinin ya isa Alhamis. Nasa lissafin ya fi na kowa kusa da abin da jiki ke ji, domin yawancin lokacin da wannan tafiya ke ci a ƙasa ake cin sa. A 2023 Saudiyya ta bai wa Nijeriya kujera 95,000. In kowane jirgi yana ɗaukar mutum 400, ana bukatar sawu kusan 240 a zuwa, da wani 240 a dawowa. Jiragen da ke aikin 'yan ƙalilan ne, kowanne kuma zuwa da dawowarsa kan ci awa tara ko goma a sama, ban da awoyin shan mai da lodin kaya da hutun matuƙa. A Jidda da Madina kowane jirgi yana da lokacin saukar da aka ware masa, domin alhazan duniya duka nan suke nufa a cikin makonni kaɗan. Idan jirgi ya makara da awa uku saboda biza ba ta fito ba, ko motar wata ƙaramar hukuma ba ta iso da mutanenta ba, ko wasu sun sulale cikin gari sallama da dangi, to ya rasa lokacinsa, jinkirin kuma zai bi duk sawun da ke bayansa. Ta haka ne awa uku kan haifi kwana uku a sansanin alhazai. Hazo ma yana da nasa hannu idan tafiyar ta faɗo cikin hunturu, lokacin da ƙura kan hana matuƙi ganin titin sauka a Kano.

Can ma saukar jirgi ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Filin Sarki Abdul'aziz, wanda aka buɗe a 1981, yana da sashe na musamman na alhazai mai rufi irin na tantuna, inda akan yi awoyi ana duba fasfo da takardar allura da kaya. Daga nan zuwa Makka kuma akwai tafiyar kusan kilomita 100 a mota, ko a jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018.

Duk da wannan wahala, akwai jinkirin da bai kamata kowa ya yi fushi da shi ba. Wannan hanya ta ga manyan masifu biyu da har yanzu akwai gidajen da ba su manta da su ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato da mutum 261. Binciken da aka yi ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuwa san da haka, amma aka sallame shi don kada ya ƙara makara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka janye su cikin jirgi da wutar, kafin matuƙa su iya komawa fili jirgin ya faɗi. Babu wanda ya tsira. Gyaran da aka guje wa ba zai wuce 'yan awoyi ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a wannan rana kuwa abin da ya haifa ya wuce nawa.

Saboda haka jinkiri iri biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su. Akwai na sakaci, irin na takardun da ba a kammala ba da maniyyatan da aka kira sansani alhali jirginsu bai ko baro Jidda ba. Wannan hukumomin alhazai na jihohi da na ƙasa ke da alhakin kawar da shi, kuma maniyyaci yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar ranar tashinsa, ba a bar dattijo yana kwana kan tabarma a fili ba. Akwai kuma na injiniyan da ya ce sai an sake taya, ko matuƙin da ya ce ba zai tashi cikin wannan hazo ba. Fasinjojin da ke yi wa irin waɗannan ihu suna matsa wa wanda ke tsare ransu ne.

Wanda ke shirin wannan tafiya ya riƙe lissafin a ransa: kilomita 3,400, awa huɗu da rabi zuwa biyar idan hanya a buɗe take, fiye da haka idan akwai zagaye ko zango, agogo kuma ya matsa gaba da awa biyu da zarar ya sauka. Ya tambayi mai sayar masa da tikiti ta ina jirgin zai bi, da awa nawa zai zauna a zango. Maganinsa da haraminsa da ɗan abin taɓawa su kasance a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a auna ba. Ya gaya wa iyalinsa lokacin sauka da agogon gida. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi cikin iyalinsa lafiya.